Saƙa da Gashin Kayan Sallah a Gidan da Ke da Mai Borin Jini

Ƙaramar Sallah ta kama hanyar komawa cikin hunturu. A 2025 an yi ta a ƙarshen Maris, ana fama da zafin bazara. Da yake shekarar Musulunci ba ta kai ta Bature tsawo ba, da ratar kwana 10 zuwa 11, duk shekara Sallar sai ta matso: bisa lissafi, a 2028 za ta faɗo ƙarshen Fabrairu, a 2030 farkon Fabrairu, a 2033 kuwa sau biyu za a yi ta, ɗaya a farkon Janairu, ɗaya a ƙarshen Disamba. Ganin wata da sanarwar fadar Sarkin Musulmi ne ke tsayar da rana, amma yanayin da za a yi ta a ciki ba ɓoyayye ba ne. Rabon da a yi ta sau biyu a shekara ɗaya tun 2000, jihar Zamfara ba ta wuce shekara 4 da kafuwa ba. Matan da suka yi goyo a lokacin su ne kakanni yau, sun kuma san yadda fita Idi da jariri take idan hazo ya sauko, iska tana tsaga leɓe. Mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun, waɗanda gonakinsu ke shan ruwan madatsar Bakolori, ba sai an ba su labarin sanyin asubar fadama ba.

Ke nan rigar sanyi da hula da safa za su shiga jerin kayan Sallar yara na shekaru masu zuwa, kusa da shadda da atamfa. Su kuwa ba sai an kai wa tela ba. A tsakar gida ake yin su, inda ake yin cincin da dubulan da nakiya. Ribar aikin gida ba arha kaɗai ba ce. Wadda ta saƙa da hannunta ta san zaren da ta sa, wadda ta kwaɓa ta san abin da ya shiga kwano. A yawancin gidaje wannan sanin ƙari ne kawai. A gidan da ke da yaron da jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko ƙwai ko madara, shi ne ke raba Sallar da aka yi cikin dangi da wadda aka ƙarasa a gadon asibiti.

Zare ake farawa da shi, domin shi ke cin lokaci.

Hannun matan ƙasar nan bai taɓa rabuwa da zare ba. Zamfara ƙasar auduga ce, shi ya sa aka kafa injinan gurza da masaƙa a Gusau. Kakanninmu sun gurje auduga, sun shiɓe ta, sun zauna da mazari suna dangwalar alli suna kaɗi, abawa daban, siririn zare daban, masaƙa su saya su fitar da gwado da luru. Kaɗi ya ja baya, amma ɗinkin hula yana nan, saƙar faifai tana nan, ga kwarashi da kibiya da injin saƙa da suka bazu ta makarantun mata da cibiyoyin koyon sana'a.

Abin da ya kamata mai sayen zare ta sani ranar kasuwar Talata shi ne, wanda muke ce wa ulu, galibinsa ba gashin tunkiya ba ne. Zaren roba ne da ake kira akirilik, daga sinadaran man fetur ake yin sa. Yana da arha, ba ya saurin koɗewa, asu ba ya cin sa, yana jure wanki. Aibinsa wuta. Gane shi ba wuya: a yanko guntu mai tsawon yatsa, a riƙe da bakin almakashi, a fita tsakar gida a kanga masa ashana. Na tunkiya zai yi ƙaurin gashi, ya ƙi ci sosai, ya bar baƙar toka mai murmushewa. Auduga za ta ci da sauri, ta yi ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi. Na roba zai tsuke, ya narke, ya ɗiga, ya daskare ya zama ɗan baƙin dunƙule mai tauri. Wannan ɗigar ce abin tsoro. Lokacin sanyi lokacin jin ɗumi ne, kaskon gawayi a ɗaki, wutar kara a ƙofar gida, ga tukwanen suya a ƙasa daren jajibere. Rigar roba in ta kama, narkewa take ta manne a fata. Yaron da ke sanye da ita kada ya zauna gab da wuta, kada kuma a aike shi ya iza ta. In tsautsayi ya gitta, a yi ta zuba ruwan sanyi mai tsabta a wurin har minti 20, kada a ɓanɓare abin da ya manne, kada a shafa ƙwai ko man goge baki ko toka, a nufi asibiti.

Iyaye da yawa kan ce ulu na sa wa ɗansu ƙaiƙayi, su ɗauka borin jini ne. Sau da yawa kaushin zaren ne ke sukar fata, fatar da hunturu ya riga ya busar. A sa rigar auduga a ciki, saƙar ta hau sama, wuya da bakin hannu kuma a yi su da zare mai laushi ko a naɗe su da ƙyallen auduga. Yaro mai kirci ya fi kowa buƙatar haka. A wanke sabuwar saƙa kafin a sa, don ta sha hannu da ƙura na makonni, a ɗauraye sabulun sosai, a shanya ta a kwance kada ta miƙe. Turaren wutan da ake turara kayan Sallah da shi, idan akwai mai fuka a gida, a ware nasa kayan.

Kayan jariri na son ƙarin lura. Kewayen kan sabon haihuwa ya kan kai wajen santimita 35, sai a saƙa hular ta ɗan gaza hakan tunda saƙa na buɗewa. Ban da doguwar igiya a wuya, ban da maɓalli ko duwatsun ado da zai iya cirewa ya kai baki. A juya safa a duba cikinta, a yanke duk silin da ke reto, domin sili ɗaya na iya naɗe ɗan yatsan ƙafa ya tare jini, jariri ya yi ta kuka a rasa dalili. Bakwaini yana buƙatar hula da ɗumin ƙirjin uwa. Wanda ya yi ƙwari kuwa, a riƙa taɓa ƙeyarsa: in ta jiƙe da gumi, kayan sun yi yawa.

Aikin ya fi daɗi in gida duka ya sa hannu. Yarinya 'yar shekara 8 za ta iya koyon sarƙar kwarashi a zama ɗaya, ƙannenta maza su warware zare su dunƙula, kaka ta duba in layi ya karkace. Mafi sauƙin aikin taro shi ne bargo: kowa ya saƙa 'yan murabba'ai masu girma ɗaya, a ƙarshe a harhaɗa. A sayi zaren aiki guda a lokaci guda, don in ya yanke aka koma kasuwa, da wuya a sami launin da zai zo daidai. A kuma fara tun watan Rajab ko Sha'aban. Azumi in ya kama, hannun mata na madafa ne, hular da aka ɗauko ɗinkinta a goman tsakiya ba ita za ta je Idi ba.

Maganar abinci ta fi nauyi, kuma ruɗani ya fi yawa a cikinta, don abubuwa uku daban-daban ne muke haɗawa mu ce abinci bai karɓi mutum ba.

Na farko shi ne borin jini na gaskiya. Garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta ne, sai ta ɗauki wani furotin na cikin abinci a matsayin abokin gaba ta far masa. Abin ba ya daɗewa, daga 'yan mintuna zuwa awa 2 bayan ci. Fata ta yi rudu-rudu tana ƙaiƙayi, leɓe ko fatar ido su kumbura, a yi amai, wani lokaci numfashi ya sarƙe. Ɗan kaɗan ya isa ya tayar da shi, kuma ba kullum wuta ke kashe shi ba: gyaɗar da aka soya ko aka dafa tana nan da ƙarfinta. Abincin da suka fi jawo shi a duniya su ne madara, ƙwai, gyaɗa, 'ya'yan itace masu ɓawo irin su yazawa, kifi, jatan lande da danginsa, alkama, waken suya da riɗi. A Amurka dole ne kamfani ya rubuta waɗannan a jikin kaya, riɗi ne na ƙarshen shiga jerin, a 2023. A Birtaniya an tsaurara dokar rubutu a jikin abincin da aka naɗe a shago a 2021, bayan rasuwar wata yarinya 'yar shekara 15 a 2016, wadda ta ci burodi mai riɗi a ciki ba tare da an rubuta ba. Mu da muke barbaɗa riɗi a kan gireba, muke ba yara kantu a hannu, ya kamata mu san shi ma yana cikin masu tayar da bori.

Na biyu, madarar da ke ɓata ciki. Wannan ba aikin garkuwa ba ne. Hanjin mutum ne ba ya narkar da sukarin da ke cikin madara, sai ciki ya kumbura, ya yi ƙugi, a yi gudawa. Manya da yawa a Afirka ta Yamma haka suke, Fulani da dama kuwa sun gaji iya narkar da ita. Yana da takura amma ba ya kisa, kuma mai shi sau da yawa ya kan sha nono ko kindirmo lafiya, don tsami ya rage sukarin. Mai borin madara na gaskiya kuwa, nono da man shanu da gullisuwa da tuwon madara duk ɗaya ne a wurinsa.

Na uku, cutar da likitoci ke kira siliyak. Danƙon da ke sa kwaɓin fulawa ya yi ja, wanda ake kira gulutin, shi ke cinye bangon hanji a hankali. Ba kumburin nan take ba ne. Yaro ne za a ga yana yawan gudawa, ciki a kumbure, jini ya yi ƙaranci, girma ya tsaya, har a ɗauka tamowa ce. Kimanin mutum 1 cikin 100 ke da ita a duniya, kuma ba ciwon Turawa kaɗai ba ce: binciken da aka wallafa a 1999 kan yaran Sahrawi da ke sansanonin Aljeriya ya sami fiye da 5 cikin 100. Wanda ake zargin yana da ita kada a yanke masa alkama kafin a yi gwaji, don gwajin ba ya nunawa in an daina ci.

A nan dole in ja hankali da ƙarfi, don kada garin gyaran gira a rasa ido. Borin abinci na wasu yara ne ƙalilan. Tamowa kuwa ta addabi dubbai a jihar nan. Abincin leda da ma'aikatan lafiya da ƙungiyar likitoci ta MSF ke ba yara masu tamowa a Talata Mafara da sauran wurare, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, gyaɗa ce da madara da sukari da mai, kuma ya ceci rayukan da Allah kaɗai ya san adadinsu. Uwar da ta hana ɗanta ƙwai da gyaɗa da nono saboda ƙurji ɗaya da ta gani, ko saboda tsohuwar maganar nan cewa ƙwai na koya wa yaro sata, ta raba shi da abincin da ya fi araha wajen gina jikinsa. Binciken da Farfesa Gideon Lack ya jagoranta a Landan kan jarirai 640 masu haɗarin kamuwa, wanda ya fito a 2015, ya nuna waɗanda aka fara ba gyaɗa da wuri sun sami ragin kamuwa da borinta da kusan kashi 80 cikin 100. Kunun gyaɗar da iyayenmu ke ɗura wa yaro bayan wata 6 yana kan hanya ke nan. Ƙwayar gyaɗa ce ba a ba ƙaramin yaro, don tana shaƙewa, wanda kuma kirci ya yi wa yawa a fara nuna shi ga likita. Ko gwajin jini shi kaɗai ba ya yanke hukunci. A Gana, wani bincike na 2013 ya sami 'yan makaranta da yawa da jininsu ya nuna alamar borin gyaɗa alhali suna cin ta lafiya, aka danganta abin da tsutsar tsargiya da ke ruɗa gwajin. Tsargiya kuwa ba baƙuwa ba ce a duk inda yara ke wanka a magudanan ban ruwa. Abin da ke da nauyi shi ne abin da aka gani da ido: ya ci abu kaza, nan da nan ya kumbura, ya sake ci, ya sake kumbura. Wannan labarin za a kai wa likita, shi zai ce a daina ko a ci gaba.

To, a ce an tabbatar. Gyaɗa ce ta fi wuyar gudu a girkinmu, don ba kullum take zuwa da fuskarta ba. Tana cikin yajin tsire da na balangu, tana cikin labun kilishi, tana cikin miyar taushe, tana kan gurasa da datun zogale, tana cikin dakuwa. Babbar Sallah ta fi haɗari ta wannan fuska. Man gyaɗar da ake matsewa a gida, mai ƙamshin nan da muke so, yana ɗauke da furotin ɗin da ke tayar da bori. A kasuwa kuma duk farin mai man gyaɗa muke ce masa, na kwalba da ake aunawa ba wanda zai rantse a kan abin da aka gauraya. Domin mai bori a sayi man da ke rufe daga kamfani, mai lambar NAFDAC, a karanta daga me aka yi shi, ko a yi amfani da manja inda girkin ya karɓa. Bota ta gwangwani da ta leda sau da yawa akwai madara a ciki. Wasu dunƙulen ɗanɗano na da alkama ko waken suya, daddawa ma yanzu akwai ta waken suya. Wainar saye wasu na ƙara mata fulawa ko ƙwai ko nono, ɗanwake kuwa ya daɗe da komawa na fulawa a gidaje da yawa.

Sai injin niƙa, wanda mutane kan manta da shi. Ku tsaya bakin injin unguwa ana saura kwana biyu Sallah: robobi a jere har waje, wannan alkama ce ta alkaki, wancan gyaɗa ce ta ƙuli, na bayansa waken awara, sannan shinkafar waina. Mai inji ya juye wannan ya zuba wancan, in ya kyauta ya kora da kofin ruwa ɗaya. Abin da ya maƙale a haƙoran inji na mai gaba, a ƙullun mai baya yake fita. Ga sauran mutane ba komai. Ga mai borin gyaɗa ko mai siliyak, shinkafar da aka wanke tsaf a gida ta dawo da abin da ake gudu. Gara a daka nasa a gida, ko a markaɗa a na'urar markaɗe da aka wanke da sabulu. Turmin ma a duba: wanda aka saba kirɓa tunkuza a ciki ya sha mai har cikin tsagarsa, haka muciya da ƙwarya da tandar ƙasa. Goge su da tsumma ba ya fitar da komai. In da hali, a ware wa yaron ƙaramin turmi da tukunya da ludayi nasa.

Abin farin ciki, ba sai mun nemi garin ƙasar waje ba. Gulutin yana cikin alkama da sha'ir, babu shi a shinkafa, gero, dawa, masara, acca, rogo da dankali. Madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan gulbin Sakkwato don shayar da kadada 23,000, an yi ta da burin alkama a cikin lissafi, amma yau shinkafa ce ta fi cika filayen, ga dankalin Hausa da masara. Da tsohuwar zuma ake magani: waina da sinasir na shinkafa zalla, hocen dawa da Zamfara ta shahara da shi, da nakiya, duk ba sa buƙatar fulawa ko ƙwai. Nakiya garin shinkafa ce da citta da kanumfari da masoro da zaƙi da mai, tana kuma daɗewa ba ta lalace ba. A sauya man kawai ya dace da mai ci, kuma duk abin da aka sa wa zuma, nakiya ce ko alkaki, kada a lasa wa jaririn da bai cika shekara 1 ba. Aya, duk da kamanninta, saiwa ce, ba dangin gyaɗa ba, kuma kununta mara sukari na iya maye gurbin madara a kwaɓi. A dai tabbatar ba a markaɗa ta a injin gyaɗa ba.

Amma yaro yaro ne, in ya ga 'yan'uwansa da kek, kek yake so. Akwai haɗin da ba ƙwai, ba madara, ba bota, wanda matan Amurka suka saba da shi a shekarun ƙunci da na Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da waɗannan kaya suka yi wuya. Da kofi guda za a auna komai: fulawa kofi 1 da rabi, sukari kofi 1 ko ƙasa da haka, bekin soda ƙaramin cokali 1, gishiri rabin ƙaramin cokali. A gauraya busassun, a zuba ruwa kofi 1, mai sulusin kofi, ruwan lemon tsami babban cokali 1. Tsamin ne ke haɗuwa da sodar ya tayar da kumfa, shi ya sa da an juya sai gashi, ba a barin sa ya jira. A cincin da sauran kwaɓi, rabin ayaba nunanniya da aka dame, ko dafaffen dankali ko kabewa kwatankwacin haka, na tsaya wa ƙwai ɗaya wajen haɗe gari.

Idan alkama ce matsalar, aikin ya ɗan fi wuya, don garin shinkafa ba shi da danƙo, kek ɗinsa na son wargajewa. A tankaɗe shi ya yi laushi ƙwarai, a haɗa kashi 3 nasa da kashi 1 na sitacin rogo, a sa ayaba ko ƙwai ga wanda ƙwai bai dame shi ba, a bar kwaɓin ya sha ruwa na minti 30 kafin a zuba abin tashi. Ɗan garin kuka kaɗan na taimakawa wajen riƙewa, aikin da yake yi a ɗanwake, sai dai in ya yi yawa zai sauya launi da ɗanɗano. A ƙananan gwangwanaye ya fi yin kyau. A gwada tun kafin azumi ya ƙare, ba daren Sallah ba.

Gashin kansa, yawancin gidaje da tukunya da yashi ake yi. A zuba yashi mai tsabta kaurin yatsu biyu ko uku, a rufe ya yi zafi kamar minti 15, a jera gwangwanayen da aka shafa wa mai, a rufe, a rage wutar ƙasa, a ɗora garwashi kaɗan a kan murfi don sama ya yi ja. Bayan minti 25 a soka tsinke, in ya fito a bushe ya yi. Gwangwanin madara ake yawan amfani da shi, to a wanke shi da sabulu sosai, ga mai borin madara ma a nemi wani daban. Ban da gwangwanin fenti, ban da shimfiɗa jarida a ƙasa. Yashin kuma kada a ɗebo shi daga inda ake daka ko wanke dutsen zinare. Zamfara ba ta manta gubar dalma ta 2010 ba, wadda ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum, kuma ta turame da tsakar gida ta shiga.

Na mai bori shi za a fara yi, da sabon mai, da hannu wankakke, a rufe a ajiye kafin a buɗe buhun fulawa ko a fasa ƙwai. Man da aka soya dubulan ko kifi a ciki ya riga ya ɗauki abin da ke jikinsu. A nan masu saƙa za su yi rana: a saƙa wa kwanonsa jan faifai ko jan marufi na kwarashi wanda babu irinsa a gidan, kowa ya san mai jan murfi na wane ne, ba a tsoma masa cokali, ba a ƙara masa daga wani kwano. A saƙa masa 'yar jaka kuma da zai rataya ya tafi yawon Sallah da nasa cincin a ciki, don kada ya tsaya yana kallon bakin 'yan'uwansa. A yi nasa da yawa yadda sauran yara za su ci tare da shi. Yaron da kullum ake ware wa abinci shi kaɗai, wata rana zai ci na wasu a ɓoye.

Mafi wuyar aikin ba a madafa yake ba, a baki yake. Ƙin karɓar abincin Sallah a gidan dangi abin kunya ne a wurinmu, kuma kaka ba ta son a ce jikanta ya fita hannu wofi. Za a ji "ai ɗan kaɗan ba ya komai", ko "mu da muka rene ku ba mu san wannan tsirfar ba". Kada a bari sai ranar. Tun cikin azumi uwa ta je ta durƙusa ta ce, "Inna, mai gidan naki fa likita ya hana shi gyaɗa, ko ɗanɗane. Ga nasa nan na kawo, in ya zo gaishe ki da hannunki za ki ba shi." In maganar ta fi ƙarfin suruka, uban yaron ya faɗa wa mahaifiyarsa da kansa. A sanar da maƙwabta, a haɗa shi da yayarsa ko yayansa mai wayo in za su fita. Bayanin nan yana kare zumunci ma. Yaro ya ci abincin ɗakin abokiyar zama ya kumbura nan take, in ba a san da borin jini ba, sunan da za a sa wa abin sammu ne ko guba, a ɓata baiwar Allah da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, shi kuma yaron a ci gaba da ba shi abin da ke cutar da shi.

Duk da kiyayewa, kuskure na iya faruwa, don haka kowane babba a gidan ya san alamun da ba a jira da su: kumburin harshe ko maƙogwaro, dashewar murya, tari da numfashi mai shewa, amai a kai a kai, jiri, ko yaro ya yi fari ya saki jiki. Piritin na rage ƙaiƙayi da rudu-rudun fata, amma ba ya buɗe maƙogwaro, ba ya ɗaga jinin da ya faɗi. Maganin wannan hali allurar adirenalin ce a gefen cinya, da wuri. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne ya fi damunsa a bar shi a zaune, kada a tsayar da shi ko a sa shi tafiya da ƙafarsa. Kada a ɗura masa manja ko nono ko jiƙo, kada a sa shi amai, ɗuri na iya bin hanyar iska. A ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa.

Kowa ya san halin hanyoyinmu da dare, ya kuma san ma'aikata kan ragu a ranakun hutu. Saboda haka tun kafin Sallah maigida ya je babban asibitin Talata Mafara, ko na Bakura ko Maradun, ko ƙaramin asibitin da ya fi kusa da shi, ya tambaya ko suna da adirenalin a ajiye da wanda zai kasance a bakin aiki. Ya karɓi lambar waya, ya bar mai a babur. Wanda ɗansa ya taɓa shiga irin wannan hali ya nemi a tura shi ga likitan yara a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, a rubuta masa abin da zai yi da adadin maganin da ya dace da nauyin yaron. Ko an yi allura ya wartsake, kada a yi gaggawar komawa gida, don borin na iya dawowa bayan wasu awanni. A tafi da ragowar abin da ya ci ko ledarsa, a kuma riƙe lokacin da ya ci da lokacin da alamar farko ta fito, su likita zai fara tambaya.